Idon Dillali

Shekara talatin da ɗaya ina cin kasuwar Maigatari,
duk Alhamis, sanda a kafaɗa, goro a kunci.
In na dafa tozon sa, na buɗe baki na ƙirga haƙora,
kuɗinsa na faɗa,
kuma da wuya in kauce da fiye da kuɗin motar Gumel.

Sai ga Sabi'u, ɗan ƙanwata Uwale,
ya dawo hutu da kwamfuta a jakar goyo.
Wai aikinsa ke nan yanzu:
a nuna masa zanen da za a yi gwanjonsa a ƙasar Turawa,
shi da na'urarsa su faɗi kuɗin kafin guduma ta sauka.
Na ce, ashe dillanci ka je koyo,
ka tsallake ni ina zaune a ƙofar gida.

Bayan la'asar, a gindin darbejiya, ya buɗe min.
Na farko: ja a sama, baƙi a ƙasa, shi ke nan,
kamar bangon da mai shafe ya yi fushi ya tafi.
Na biyu mace ce, idanunta biyu duk a kunci ɗaya.
Na nemi tsari.
Ya ce, Kawu, taya.

Yaya zan taya abin da ba ya cin dusa,
ba ya jan garma, ba ya haihuwa?
Ba haƙori, ba kofato, ba inda zan dafa.
Amma kasuwa kasuwa ce.
Na ce, mai zanen yana raye?
Ya rasu.
To ba za a ƙara haifo irinsa ba. Ɗora.
A garken wa ya kwana?
Ya lissafo sunayen da suka fi ƙarfin harshena.
Masu kuɗin da za su zo, akwai biyu da ba sa ga maciji?
Ya yi dariya. Na ce, kar ka yi.
Na taɓa sayar da rago gurgu kuɗin bajimi
don Alhaji Tanimu da surukinsa sun haɗu a turke ɗaya.
Rabin kuɗin dabba ba a jikinta yake ba.

Macen fa, sau nawa aka fito da ita?
Ya duba. Sau biyu cikin shekara huɗu.
Na'urarsa ta ce dala miliyan arba'in.
Na ce, wannan gida za ta koma.
Saniyar da ta san hanyar kara,
kowa sai ya tambayi abin da na baya ya gani ya saki igiya.

Daren gwanjon muka taru a shagon cajin Ɗan'azumi,
inji na tari, sauro na cin rabonsa.
Wani mai baƙar kwat yana nuna mutane da guduma,
ba ihu, ba rantsuwa, ba mai riƙe hannun wani a cikin riga.
Aka zo kan macen. Aka taya, aka ƙara, aka yi shiru.
Albarka.
Ko a bakinsu na gane ta.
Yara suka ɗaga ni sama har hulata ta faɗi.

Ja da baƙin kuwa,
wanda na ce ko kuɗin fentinsa ba zai mayar ba,
ya tashi a kan abin da Sabi'u ya juya min zuwa naira,
na juya shi zuwa shanu,
shanun suka cika kara, suka tsallaka iyaka, ban gama ƙirga ba.

Na dawo gida ta bayan tasha.
Tsohuwar motar Gambo na nan a kan duwatsu,
da zakin da marigayi Ilu ya zana mata a gindi,
ƙafa ɗaya a kan maciji.
Buhun gero aka yi masa alkawari, rabi ya karɓa.
Shi ma ya rasu. Shi ma ba za a ƙara irinsa ba.
Na haska da tocila, na daɗe a tsaye.
Ba kowa a wurin sai ni da akuya,
kuma mutum ɗaya ba ya gwanjo.